Rufin Ɗakin Inna Indo

Datti ya yi asarar kwanon ɗakin uwarsa a daminar farko bayan an kawo shari'a, kuma da ƙafarsa ya kai shi inda ya rasa shi. Iska ta ɗauka, wannan gaskiya ne, amma ta ajiye masa abinsa a gonar maƙwabci, ko lanƙwasar kirki bai yi ba. Shi ya ɗauko a ka, ya wuce ƙofar gidansa da shi, ya kai filin masallaci ya zube cikin na jama'a.

Gidan Jalo ake ce wa ƙauyen, yana gefen hanyar Gude a ƙasar Kabo. Bayan la'asar hadarin ya haɗo daga gabas. Mutane suna ta murna don an daɗe ana jiran ruwan shuka, mata har sun fara fito da tulu da bokiti. Iskar ta riga ruwan isowa. Ta kwantar da danga, ta cire jinkar rumbuna ta yi sama da su kamar faifai, ta tumɓuke darbejiyar bakin kasuwa har saiwa. Kwano kuwa, sai ka ji ƙarar ƙusa tana zarewa, ka ɗaga kai ka ga rufin ɗaki guda yana tafiya a sama. Ba a rasa rai ba, sai awaki da kaji, da jakin wani da katanga ta danne.

Inna Indo, uwar Datti, tana zaune a bakin gadonta rufin ya tashi. Da Datti ya shigo da gudu, sai ya tarar da ita ta rufa tabarmar salla a ka, ruwa yana dukan kaskon wutarta. Abin da ta ce masa kawai shi ne ya ɗauke mata buhun gero daga gindin bango.

Wannan kwano ba da wasa ya same shi ba. Datti manomi ne, da rani kuma ya tafi Kano tura kurar ruwa. Shekarun nan ne da kaya suke tashi da safe da wani kuɗi, su kwana da wani. Duk ranin da ya ga ya tara abin da zai isa, in ya je kasuwar Gwarzo sai ya tarar kwanon ya yi gaba ya bar shi. Haka ya yi ta bin sa har ya cim masa, bandir guda, sabo fil. Ɗakin tsohuwar a da soro ne, gara ta cinye azarar, kowace damina sai an tara kwanuka ana tarar yoyo. Ya sauke rufin ƙasar gaba ɗaya, ya kira kafinta aka ɗora katako aka buga. Shi da matarsa Rahamatu da yara suka ci gaba da kwana a nasu soron.

Inna Indo ba ta yi masa godiya ba. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta yabe shi a ido. Cewa ta yi kwanon ya cika ƙara in ana ruwa. Amma duk matar da ta shigo gaishe ta, kafin ta fita sai tsohuwar ta san yadda ta yi ta sa ta ɗaga kai. Kuma da yake ciwon gwiwa ba ya barinta rabuwa da wuta, zafi ko sanyi, kaskon yana wuri ɗaya a gindin gado, har hayaƙin ya yi baƙar kunkunniya a cikin kwanon, zagaye kamar an kifa tukunya.

Da gari ya waye, ƙauyen ba hanyar bi. Itace a kan itace, karan danga jibge a lunguna, mushen kaji a kwata, katako da ƙusoshi a tsaye suna jiran ƙafa. Ga kuma ƙasa ta jiƙu sharkaf, ranar shuka ce wadda manomi ba ya so ta wuce shi. Mai unguwa Baffa ya sa aka yi shela cewa a fara buɗe hanya tukuna, kowane gida ya ba da namiji da gatari. Wasu suka bayar, wasu suka sulale gona da sungumi suka turo gaisuwa. Datti na cikin waɗanda suka fito. Shi ya hau kan darbejiyar yana saran rassa, ana ja da igiya, ana lodawa a amalanke. Wajen hantsi wasu mutane suka zo a farar mota daga birni, suka zaga, suka yi jaje, suka ce za a ji daga gare su. Ba a sake ganin motar ba.

Rigimar ba a kan itace ta tashi ba, don itace kowa ya san nasa. A kan kwano ta tashi. Iska ta gauraya na gabas da na yamma, ta watsa su a gonaki har bakin rafi, kuma kwano ba ya da suna a jiki. Kafin azahar mutum biyu sun ɗaga wa juna adda a kan falle ɗaya mai tsatsa.

A nan ne Malam Zayyad ya shigo maganar. Ɗan ƙauyen ne, saurayi, ya yi karatun addini a birni ya dawo, shi ne shugaban kwamitin da samari suka kafa a masallaci don su ga ana bin shari'a. Ba mugun yaro ba ne, kuma abin da ya karanta ya san shi. Ya ce duk abin da iska ta jefar a gonar wani tsintuwa ce, ba a ɗauka a shige gida da shi. A tara duka a filin masallaci, a sa rana, kowa ya zo ya nuna nasa a gaban jama'a. Wanda ya buga ko falle ɗaya kafin ranar, ya san sunan abin da ya yi. Lokacin kuwa kowa ya ji a rediyo an cire wa wani hannu a wata jiha a kan saniya. Mai unguwa ya ce hakan ya yi, aka sake shela.

Da yamma Datti ya ga nasa a gonar Sabi'u, maƙwabcinsa, jingine da gawo. Tun daga nesa ya gane shi. Da ya juya shi kuwa, ga baƙin hayaƙin Inna. Ya ɓamɓare guntayen katakon da suka maƙale, ya jefa su a zaurensa, ya ɗaure fallayen ya aza a ka. Rahamatu ta leƙo daga bayan tufaniya ta ce ya shigo da shi mana, ai nasa ne, wa zai ce ba nasa ba ne. Ta ce tun ɗazu take jin ƙarar guduma a bayan gidaje, masu wayo sun rufe ƙofa suna buga nasu da ma wanda ba nasu ba.

Datti ya ce wannan su ta shafa. Shi yana cikin waɗanda suka hau bayan motar kaya suka tafi Kano ranar da aka ƙaddamar da shari'a, ya tsaya a rana cikin taron da bai taɓa ganin irinsa ba, ya yi kabbara har muryarsa ta dushe. Ya dawo yana gaya wa mutane cewa an gama cin zalin talaka. Ba zai zama na farkon da zai karya dokar ba.

«Yanzu ba zamanin da ba ne,» in ji shi. «Jibi zan ɗauko shi a gaban kowa, ba wanda zai nuna ni da baki.»

Ya wuce. Bayan nasa ma, shi ya yi ta jidar na mutane daga bakin rafi, har wuyansa ya ƙage. Shukarsa sai a ruwa na biyu ya yi ta.

Ranar rabo aka taru bayan azahar. Mai unguwa a kan kujera, Malam Zayyad a tsaye da 'yan kwamiti, tsibin kwano a tsakiya. Yawancinsa tsoho ne, ja wur da tsatsa, an sha buga shi an cire, kuma irin wannan ba a ja-in-ja a kansa sosai. Mutum ya ce ga nawa, maƙwabtansa su ce haka ne, ya ja ya tafi. Da aka zo kan sabon, Datti ya matso ya ɗora hannu. Sai ga wani hannun a ɗaya gefen.

Nata'ala ne, mai tireda a bakin hanya. Sa'an Datti ne, ɗaki ɗaya aka yi musu kaciya. Iska ta ɗauke rumfar gaban shagonsa, wannan kowa ya gani. Kuma ta hannunsa takin zamani yake shigowa ƙauyen, don yana da mutane a jam'iyya, a shekarun da buhun taki ya fi ɗan'uwa wuyar samu.

«Sarkin ga-ruwa, sauke hannunka,» ya ce yana dariya. «Ko ruwan Kano ne ya shiga idonka? Wannan na rumfata ne.»

«Rumfarka da kwanonta ya girme ka? Tun na babanka ne.»

«Na canza shi da rani. Kana birni kana tura kura, ina za ka sani?»

Datti ya juya falle ɗaya, ya juya na biyu, ya haɗa su gefe da gefe, sai ga zagayen kunkunniya ya fito. Ya ce wannan hayaƙin kaskon tsohuwarsa ne, duk matan garin nan sun gan shi. Nata'ala ya ce ikon Allah, ai shi ma abin da zai nuna ke nan, don a ƙarƙashin rumfarsa mai shayi yake hura wuta safe da yamma. Aka nemi mai shayi. Ya zo yana kallon ƙasa, ya ce shi dai yana hura wuta, amma bai cika ɗaga kai ba.

Malam Zayyad ya nemi shaidu. Datti ya dubi Sabi'u, wanda ya taya shi miƙa wa kafinta kwanon nan falle-falle. Sabi'u ya sosa ƙeya ya ce ya san Datti yana da sabon kwano, ba shakka, amma ya ce wannan ɗin ne takamaimai, to, kwano duk kamarsa ɗaya, kuma shi yana tsoron shaidar zur. Kafintan mutumin Madadi ne, ya tafi Kaduna aiki. Matan da suka ga hayaƙin suna cikin gidaje, ba mijin da ya ce tasa ta fito. Cewa Datti ne ya kawo shi fili ba ta zama hujja ba, tunda rabin tsibin shi ya kawo.

Zayyad ya yi tunani, ya kawo dabara mai kyau. Ya ce a ɗauko katakon ɗakin, a gwada hudar ƙusa, in ta hau shi ke nan. Datti ya tafi gida da sauri. A zaure ba katako. Itacen garin duk ya jiƙe, kananzir kuwa an manta kamanninsa, Rahamatu ta ga busassun guntaye ta dafa wa yara da tsohuwa tuwo da su. Ta tsaya riƙe da muciya tana kallonsa. Ya juya ya koma fili.

Da ya dawo hannu rabbana, Zayyad ya faɗi abin da ya rage. Mutum biyu suna da'awar abu, ba ya hannun kowa, ba mai shaida. Sai rantsuwa. In duka sun rantse a raba biyu. In ɗaya ya rantse ɗaya ya noƙe, na wanda ya rantse ne. Ya sa aka ɗauko Alƙur'ani daga masallaci, a cikin gafakarsa.

Tsofaffin wurin sun san gidan su Datti. Ƙanen babansa ya taɓa dafa Alƙur'ani a kan iyakar gona, kuma da gaskiyarsa, duk garin ya shaida. Aka ba shi gonar. Shekarar ba ta zagayo ba rumbunsa ya ƙone, shanunsa biyu suka mutu, shi kuma ido ya tafi. Tun daga nan baban Datti ya kafa doka a gidan, ya kuma maimaita ta a ciwon ajalinsa: ko riga za a tuɓe wa ɗansa a kasuwa, kada ya dafa Littafin Allah a kan abin duniya. Ba gidansu kaɗai ba, dattawa da yawa a ƙasar nan haka suke. Gara su bar wa mutum abu da su rantse.

Datti ya roƙi a ba shi ɗan lokaci. Ya koma gida, ya durƙusa a ƙofar ɗakin da ba rufi. Inna Indo tana zaune a gefen da inuwar bango ta faɗo, tana tsince wake. Labari ya riga shi zuwa.

«Inna, nawa ne. Allah ya sani nawa ne.»

«Shi ma ƙanen babanka, gonar tasa ce.»

«Malam Zayyad ya ce ba laifi in da gaskiya.»

«Zayyad na Sa'ada? Ni na yanke masa cibiya.» Ta zubar da tsakuwa gefe. «Kai, ba a kaina ba. In ka dafa don ɗakina, ba zan kwana a ƙarƙashinsa ba, ko ka buga shi da zinariya. Ka bar shi ya dafa. Ka zuba ido ka ga abin da zai same shi.»

Ya daɗe a durƙushe. Ba ta ƙara ɗaga kai ba.

A fili Zayyad ya ja shi gefe, ya yi masa magana a hankali, yana kiransa Baba Datti. Ya ce wannan tsoro ba ya cikin addini, gado ne kawai na rashin sani, kuma mai gaskiya da ya ƙi rantsuwa shi ya miƙa haƙƙinsa ga wani. Ya ce ko rabi ne ya samu ai ya rufe gefen gado. Har ya ce don Allah. Datti ya ce ya ji, kuma ya gode, amma uwarsa ta hana.

Nata'ala ya nemi buta. Ya yi alwala a gaban jama'a, a tsanake, har yana tsefe gemu. Ya dafa, ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Wasu tsofaffi suka kau da kai. Yaran shagonsa suka kwashe kwanon, kafin magariba ana jin guduma a bakin hanya.

Bayan kowa ya ɗauki nasa, sai aka ga ragowa a fili: tsohon kwano mai tsatsa, kimanin na rumfa guda, ba mai shi. Duk wanda ke wurin ya san daga inda ya taso. Mai unguwa ya ce Datti ya kwashe ya rufa wa tsohuwa mana. Zayyad ya ce sai dai in Datti ya ce nasa ne, don tsintuwar da ba a san mai ita ba sai ta shekara ana cigiya. Datti ya ce in wannan nasa ne, to wancan da ya tsaya a kai ɗazu na wane ne? Ba zai ƙi rantsuwa a kan gaskiya ba sannan ya yi ƙarya a kan tsatsa. Wani ya ce to Nata'ala ya ba shi kyauta. Nata'ala ya ce da nasa ne da ya bayar da gudu, amma mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Aka jingine kwanon a bangon masallaci. Awaki suka samu wurin fakewa.

Farkon damina ba lokacin rufi ba ne. Shuci, ciyawar jinka, sai da kaka ake yankansa, wanda aka ajiye kuwa masu rumbuna sun wawashe. Rufin ƙasa ba ya yiwuwa ana ruwa, ga shi ba azara. Datti ya je kasuwar Gwarzo ya tambayi kuɗin kwano, ya dawo bai gaya wa kowa abin da aka ce masa ba. Bayan iska kowa nema yake. Wani ya ba shi shawarar ya kai ƙara gaban alƙali, wani ya ce can ma Littafin nan dai za a miƙo masa. Sai ya sari rassan darbejiyar da ya sassare da hannunsa, ya gicciya a kan bango, ya shimfiɗa karan tsohuwar danga, ya rufa leda da buhunan da ya farke ya ɗinke, ya danne da duwatsu.

Rufin yana tare yayyafi. Ruwan kirki kuwa sai ya taru a tsakiyar ledar ya yi ciki, ya gangara ta gefe, ya sauka daidai kan bangon. Bangon ƙasa in kansa a buɗe yake, daga sama yake shan ruwa. Duk bayan ruwa Datti ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe, ruwa na gaba ya wanke.

Ya roƙi tsohuwar ta koma ɗakin Rahamatu. Ta ce ba a haife ta ta kwana ɗaki ɗaya da surukarta ba, mijin kuma ya kwana ina. Ya ce shi zai koma zaure. Ta ce ba za ta raba mutum da ɗakinsa ba a ce tsohuwa ta kori ɗanta. Ya ce to ita ta koma zauren, zai toshe ƙofar waje da zana. Ta ce ita ba baƙo ba ce ba kuma akuya ba. A ɗakin nan aka kawo ta, a nan ta haihu, a nan mai gidan ya cika. Rahamatu ta je da kanta ta durƙusa tana kuka, don tun ranar katako ba ta samu sukuni ba. Tsohuwar ta ce ta tashi ta duba tukunyarta.

Abin da take tambaya kullum ɗaya ne. In Datti ya shigo gaishe ta da safe, bayan an gama ina kwana da ya gwiwa, sai ta ce, «Wancan fa?» Tana nufin Nata'ala. Ba ita kaɗai ba, rabin garin jira yake. Ranar da aka ce ya kwana da zazzaɓi, har a rijiya an yi maganar. Washegari ya fito garau. Taki ya iso, mutane suka yi layi a ƙarƙashin sabuwar rumfar, Sabi'u a gaba. Da gero ya kai gwiwa Nata'ala ya sayi babur. Da geron ya fara fitar da kai, matarsa ta haifi namiji, aka yanka rago. Inna Indo ta ce ai ba a gaggawa, na ƙanen babansa ma sai da aka yi kaka.

Sai marka ta kama. Ruwa ba mai ƙarfi ba, amma ba ya ɗaukewa, a kwana ana yi a wuni ana yi, rana ba ta leƙowa balle bango ya sha iska. Datti ya dafa bangon gabas da safe ya ji shi kamar ƙullu. Ya tokare shi da itace biyu ta waje, ya ce wa Rahamatu yau ko da tsiya sai ya fito da tsohuwa daga ɗakin, bari ya je ya fasa wa ruwa hanya a gona, don ya kwanta a cikin gyaɗa. Yana can da hantsi, laka har ƙwauri, ya ji ihun mata daga cikin gari.

Ciki bangon ya faɗa, ba waje ba. Mutanen da suka buɗe hanya bayan iska su ne suka zo da fartanya da shebur, suna kwasar laka da kara da leda, suna miƙa wa juna a kwando. Zayyad na cikinsu, ya tuɓe riga, yana tono da hannu. Suka samu Inna Indo a gefen gado, ƙasa ta danne ta daga ƙugu zuwa ƙasa, kaskon a fashe kusa da ita. Da ranta. Aka ɗauke ta aka kai ɗakin Rahamatu, aka kwantar a gadon da ta ƙi. An aika neman mota, amma rafi ya cika ya yanke hanya.

Wajen azahar ta buɗe ido, ta ga Datti a durƙushe.

«Ba ka dai dafa ba ko?»

«Ban dafa ba, Inna.»

«To.»

Kafin la'asar ta cika. Aka haƙa kabari ruwa yana tsattsafowa, ana kwalfewa da ƙwarya, haka aka sa ta.

Da aka dawo sai maganar inda za a zauna karɓar gaisuwa. Zauren Datti ƙarami ne, kuma yana yoyo. Ƙofar gida taɓo ne. Darbejiyar da ake zama a gindinta ta zama itacen girki. Nata'ala ya matso, ya cire hula ya mayar, ya ce ai Inna uwar kowa ce, tuwonta ya ci ya girma, ga rumfarsa nan, a kwashe benci a shimfiɗa tabarmi, in an ga dama a yi har bakwai. Mai unguwa ya ce Allah ya yi albarka, ya kama hannun Datti. Baƙi sun fara isowa daga Gude da Kutama, jiƙe, ba inda za a kai su. Datti ya bi.

Aka zaunar da shi a tsakiya, jingine da ginshiƙi. Mutane suna zuwa suna durƙusawa, ya haƙuri, ya haƙuri, yana amsawa. Can ya ɗaga kai. Kafintan Nata'ala bai haɗa fallayen yadda suke a da ba, zagayen ya rabu, rabi a nan, rabi can wajen bakin rumfa. Amma baƙin yana nan, ba a ko goge shi ba. Murhun mai shayi kuwa yana can waje, a ƙarƙashin wani guntun buhu, inda yake tun asali.

Malam Zayyad ne ya yi addu'a, idonsa a ƙasa. Ya roƙa wa mamaciya gafara. Wani dattijo daga baya ya ce a sa da mai rumfa, wanda ya rufa wa jama'a asiri a wannan ruwa. Aka sa shi. Aka shafa. Nata'ala ya miƙo hannu, Datti ya karɓa, don baƙi suna kallo, ya ce ya gode.

Kwano ne mai kyau. Har aka tashi daga zaman makokin Inna Indo, ko ɗigo ɗaya bai zubo a kan kowa ba.